Hayaƙin Faleafa

Girgije ba ya haɗuwa haka kawai. Tururin ruwa, komai yawansa, sai ya sami 'yar ƙwayar da zai maƙale wa kafin ya zama ɗigo: ko ɓurɓushin gishirin da igiyar teku ta watsa sama, ko wani abu mai warin farar wuta da ƙananan halittun ruwa suke fitarwa. Abin da Sieni ta ƙare ƙuruciyarta tana karantawa ke nan a Honolulu, kuma shi ya dawo da ita tsibirin Tutuila, ta karɓi aikin tashar auna iska da ke kan tsaunin bayan ƙauyensu. Gwaggonta Fuatino ta taƙaita wa dangi maganar: an tura yarinya ta zama likita, ta zama ɗin, amma likitar ƙura.

Aikin tashar ba shi da wuya. Wani dogon bututu ne a kan hasumiya yake zuƙo iska, na'ura tana ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. In iskar ta taso daga wajen gari, da hayaƙin motoci da na girki, na'urar da kanta take watsar da lissafin. Iskar teku kaɗai ake so, wadda ta ratso ruwa ba ta taɓa ƙasar kowa ba.

Na'urar ba ta buƙatar mai gadi ranar Lahadi. Sieni ce take buƙatar na'urar. Tana cikin jirgin bincike a tsakiyar teku lokacin da mahaifiyarta ta rasu, kafin ta iso an binne, kuma tun da ta dawo ba wanda ya ce mata uffan a kan haka. Mutanen ƙauyen sun iya irin wannan shirun, musamman a coci, inda suke yin sa cikin fararen kaya. Saboda haka ta sanar cewa aikinta ba ya hutu, ta riƙa wuni a kan tsauni.

Mahaifinta Faleafa bai yi gardama ba. Dattijon coci ne, tsohon ma'aikacin kamfanin kifin gwangwani, mutumin da maganarsa ta mako guda ba ta cika cokali. Kowace Lahadi da tsakar rana sai ta ji takunsa a kan tsakuwa. Ya ajiye kwandon ganyen kwakwa a bakin ƙofa, ya zauna yana kallon teku har ta gama ci, ya ɗauki kwandonsa ya tafi. Gasasshiyar gwaza, kifi, da ganyen gwaza da aka naɗe da madarar kwakwa a ciki. Abincin yana zuwa da zafin da sai ta hura yatsunta. Iyakar hirarsu ke nan, kuma duka biyun sun san in ta yanke babu wata.

Ana nan sai teku ta fara abin mamaki. Da hantsi, iska tana busowa sak daga ruwa, sai ƙwayoyin su yi tashin gwauron zabo, su ninka sau goma ko fiye, sannan su lafa. Irin abin da masu wannan ilmi suke tsufa suna jira ke nan: teku tana haifar ƙwayoyin girgije a gaban idonka. Sieni ta buga wa tsohon malaminta waya ta yi masa albishir. Ta lura, ba shakka, cewa abin ranar Lahadi yake faruwa, amma mai ilmi ba ya rasa dalili in yana so. Ta ɗora wa cikar teku, ta ɗora wa hasken rana, har wata ma bai tsira ba.

Matatar da ke cikin bututun ce ta ƙi ba ta haɗin kai. Da ta ciro ta sai ta gan ta da duhu-duhu, alhali gishiri fari ne. Ta kai hanci. Ba ta buƙatar digiri don ta gane warin ƙonannen ɓawon kwakwa.

Lahadin da ta biyo baya, da lissafin ya fara hawa, ta bar ɗakin ta gangara ta 'yar hanyar masunta da ke sauka gindin tsaunin. A can, a wani lungu tsakanin baƙaƙen duwatsu inda feshin ruwa yake kaiwa, ta tarar da Faleafa. Ya rataye farar rigarsa ta coci a jikin reshe, ya durƙusa yana jera gwaza a kan jajayen duwatsun umu, murhun gashi irin na tsibirin. Hayaƙin yana hawa jikin tsaunin a hankali, yana tsinkewa, ya wuce daidai ta bakin bututunta.

Ba sai an yi mata bayani ba. Umun Lahadi da asuba ake hura shi, kafin ƙararrawar coci hayaƙi ya ɗauke daga sararin ƙauyen. Bayan nan hura wuta aiki ne, kuma mai aiki ranar Lahadi a gaban manyan gari ake kiran sunansa. Abincin asuba kuwa kafin ya hau tsauni da tsakar rana ya huce. Shi ya sa dattijon coci yake fita kafin a gama sujada da sunan ciwon gwiwa, ya zagayo ta bakin ruwa, ya hura wuta a inda babu mai ganinsa sai Allah da na'urar 'yarsa.

Ba a yi wa babba magana a tsaye. Ta nemi wuri ƙasa da shi ta zauna ta harɗe ƙafa, ruwa yana jiƙa mata wando. Ta kira shi da sunansa, yadda ta saba tun tana ƙarama. Ta yi masa bayanin bututu da ƙwayoyi da girgije, ta yi ta zagaye kamar mai neman ƙofa a gidan da ba shi da ita. Shi kuwa yana rufe abincin da ganyen ayaba.

"Wato hayaƙina yana yin girgije," ya ce.

"Zai iya. Amma ba shi aka aiko ni in ƙirga ba."

"Ya fi na teku yawa?"

"Nesa ba kusa ba, Fale."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zargi. Sannan ya tambaye ta inda wuta za ta zauna ba ta ɓata mata aiki ba. Ta ce bayan hasumiya, ta ɓangaren gari. Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta, domin bayan hasumiyar fili ne fetal, ana hango shi daga ƙofar coci. Ta yi sauri ta ce ba sai da zafi ba, ita fa a Honolulu har tsaye take cin abinci mai sanyi.

"Na ji labari," ya ce.

Ya ciro mata gwaza ɗaya.

A makon ta sake kiran malaminta ta janye albishir. Mutumin ya yi dariya har da tari, ya ce kowa da irin tasa, shi ma ya taɓa ɗaukar hayaƙin injin jirgin da yake ciki a matsayin sabon abin da ya gano. Wannan bai dame ta ba kamar yadda ta zata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ko za ta sake jin taku a kan tsakuwa. Ta sauka gida sau biyu da niyyar tayar da maganar, ta tarar Fuatino ta cika gidan da labarin wata maƙwabciya, Faleafa kuma yana gyaran komar kamun kifi, bai ɗago ba.

Lahadi ta zo. Iska daga teku, lissafi a kwance lumui, tsabtar da ta roƙa ta samu. Ta zauna tana kallon layin da ba ya motsi, ba ta taɓa ganin sakamako mai kyau da ya yi mata ɗaci haka ba. Hantsi ya yi, ya gota.

Ƙarar faskare ce ta fito da ita. A tsakiyar filin bayan hasumiya Faleafa ya tara duwatsunsa, da farar rigarsa a jikinsa wannan karon, wuta ta riga ta kama. Hayaƙin ya miƙe, iska ta kwashe shi ta gangara da shi kan rufin ƙauyen. Can ƙasa an fito daga coci, fararen kaya sun tsaya cirko-cirko, kowa ya ɗaga kai. Ko daga nan ana gane Fuatino, ita ce mai nuni da mafici.

"Fale, suna kallonka."

"Na'urarki fa?"

"Ba ta ji komai ba."

"To."

Ta ce masa ya kashe, don Allah. Ta ce daga mako mai zuwa za ta sauko ta ci a gida, na asuba, tare da kowa, in ya so ta shiga cocin ma su yi mata shirun nasu ta ji. Bai ce ya ji daɗi ba. Ya ce in za ta zo ta nemi farar riga wajen gwaggonta, kuma ta shirya jin tarihin rigar.

"Wutar fa?"

Ya dubi ƙauyen, ya dubi duwatsun da suka fara ja. Ya ce sunan da za a kira an riga an kira shi a zuci, ba ya ganin dalilin da zai sa a haɗa masa da ɗanyen kifi. Ya miƙa mata ganyen ayaba, ya matsa mata wuri a gefen da hayaƙi ba ya bi.