Raka'a Biyu a Tudun Danyi

"To in Baba ya fito bai gan ka ba fa?" in ji Issifou, yana tura babur ɗin ta baya.

"Zai ga akwatina a ɗaure, hankalinsa ya kwanta," Muniru ya ce. "Tura, malam. Ba zan tayar da inji ba sai mun bar lungu."

Jibi babbar mota za ta kwashe iyalin Alhaji Audu zuwa Katsina. Tun da aka ce za a tashi Zongo a mayar da mutane bayan gari, Alhaji ya ce shi ya gama kafa gida a ƙasar mutane. Muniru, ɗansa, a nan Lome aka yanke masa cibiya, a nan ya yi karatun Faransanci, Katsina kuwa a bakin tsofaffi kawai ya san ta. Abin da ke cin ransa shi ne zai bar Togo bai ma gan ta ba. Iyakarsa teku da kasuwar Adawlato. Shi ya sa ya ja Issifou, abokinsa Bakotokoli, ɗan wata ƙabila ta Togo, wanda suke tare tun suna 'yan aji ɗaya, su yini a kan duwatsu.

Rana ba ta yi zafi ba suka kai Kpalimé. Daga nan suka saki kwalta suka kama jar hanya mai hawa tana murɗewa kamar igiyar guga. Gonakin koko da kofi suka rufe su dama da hagu, iska ta yi sanyi, ƙanshin danyen ganye ya cika wa Muniru ƙirji har ya ji kamar ya yi kuka. Amma ya kasa tsayawa. Ko ina suka ci birki, kafin Issifou ya miƙe ƙafa, shi ya riga ya hango wata kwana yana son ganin bayanta.

"Doucement, a hankali, ɗan Alhaji! Wa ke bin ka?" in ji Issifou.

"Riƙe ni dai."

"Na riƙe. Mazaunaina ne suka ce a gaishe ka, sun yi murabus."

Suka ratsa wani ƙauye inda 'yan makaranta ke gwajin rawar jam'iyya cikin anko, malaminsu na buga tafi. Suka wuce mata ɗauke da ayaba, suka wuce ruwa yana zubowa daga kan dutse fari fat. A wata gangara tayar baya ta zame, suka yi tangal-tangal a bakin rami. Issifou ya yi salati da Larabci ya ƙarasa da zagi cikin Mina, yaren mutanen Lome. Muniru kuwa dariya ya yi, irin wadda ba ta da daɗin ji.

Azahar ta same su a tudun Danyi. Ƙasa ta shimfiɗe a ƙarƙashinsu kore shar, gajimare na jan inuwarsa a kan ƙauyuka. Suka yi alwala a wani rafi mai sanyin ƙanƙara, Issifou ya shiga gaba, ya sallame a raka'a biyu, sallar matafiyi.

Issifou yana ɗaura takalmi ya ce, "Kai, ni akwai abin da ke ba ni mamaki da Alhajinku. Kullum sai ya ce ku baƙi ne, matafiya ne, kuna kan hanya. To me ya sa tun kafin a haife mu yake cika raka'a huɗu a masallacin Zongo?"

Wasa yake yi. Muniru bai yi dariya ba. Ya zauna a kan ciyawa, karon farko tun safe da jikinsa ya yarda da zama. Shi dai da ya yi niyyar ƙasaru ɗazu, bai tsaya tunanin daga ina aka fara tafiyar ba. Zuciyarsa ta san garin da ta baro: lungun nan mai warin kwata da toyayyen kifi, inda kakarsa take kwance a maƙabarta.

"Na ji ka yi shiru, mon frère, ɗan'uwana. Na taɓo wani wuri ne?"

"Tashi mu tafi."

Ya sauko da su a hankali, har Issifou ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare.

Ana shirin kiran magariba suka shiga Zongo, jajaye wur da ƙasar hanya. Alhaji Audu na zaune a ƙofar gida yana ɗaure tabarmi da igiya. Ya dube su sama da ƙasa.

"An je an yi wa ƙasar mutane sallama ke nan?"

Muniru ya jingine babur ya durƙusa. 

"Baba, ka yi mini aikin gafara. Zan loda muku kaya, zan raka ku har iyaka. Amma ni ba zan je Katsina ba. Duk inda aka mayar da Zongo, can zan zauna."