Buhunan da Na Ɓoye wa Kajin Auta

Shekara arba'in da ɗaya na yi da makullin sito a aljihuna. Na tsare kwanon rufi, na tsare ƙusa da taya da sabulu, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Gobara ta tashi ina cikin sito, na fito da ƙafata. Mota ta kife da mu bakwai, ni na jawo sauran shidan. Ina faɗin wannan ne don ku san wanda ke magana, kafin in ba ku labarin ranar da na rasa inda zan sa fuskata a gaban 'yar cikina.

Auta ita ce ƙaramar 'yata. Ita ta yi karatun da ban yi ba, ta dawo ta kafa gidan kaji a bayan gari: kaji dubu uku masu ƙwai, ɗaki uku. Da na bar aiki ta ce, "Baba, zo ka riƙe mini sito, zaman gida zai tsofar da kai." Na ce mata tsufa ya san ni, tsorona yake ji. Na karɓi makulli.

Kaji dubu uku buhu goma sha biyar suke cinyewa kullum. Kamfanin abincinsu yana ƙetaren kogi, motarsu na zuwa Litinin da Alhamis. Tsarin Auta shi ne kada a tara: abin kwana huɗu kawai, kafin ya ƙare wani ya iso. Tun ranar farko na ce mata ban yarda ba.

"Gada ɗaya, kamfani ɗaya, mota ɗaya? Auta, mai ido ɗaya ba ya wasa da ƙasa."

"Baba, abincin kaji ba ƙusa ba ne. Ba ya son zama."

"Ni za ki koya wa ajiya? Ina tsare kaya tun uwarki na yarinya."

Ta yi dariya ta wuce, ni kuwa na ƙulla tawa. A bayan janareta akwai wani ɗan ɗaki da ba mai shiga. Duk zuwan mota sai in saci jiki in kai buhu ɗaya can, in rage ɗan tafi a kowane kwano don kada a gane. Wata takwas ina yi. Buhu sittin da takwas na jera, kan katako, ba su taɓa bango ba, jeri mai kyau kamar haƙoran yaro. Ina jiran ranar da zan buɗe ƙofar in ce mata ga tsoho.

Ranar ta zo. Ruwa aka kwana uku ana tafkawa. Ranar Alhamis da hantsi Dogo, direban da ke kai mana ƙwai kasuwa, ya dawo da kiret ɗinsa cike, wandonsa duk laka.

"Hajiya, gada ta tafi."

"Ta tafi ina?" in ji Auta.

"Ta bi ruwa. Tsakiyarta babu. Ga motar abincinmu can ƙetare, ina ganinta, direban har ɗaga mini hannu yake."

Auta ta kira kamfani, ta kira duk wanda ta sani. Aka ce sai ruwa ya ja za a yi hanyar wucin gadi, kwana goma, ko sha biyu, Allah masani. Masu kwale-kwale suka ce ko da nauyinsu a zinariya ba su shiga wannan ruwan. Ɗaya hanyar kuwa ta zagaye ta zama tabki. A sito buhu ashirin ne suka rage. Abin yini ɗaya da ɗan ɗoriya.

Na ga 'yata ta zauna a kan kiret ta dafe kai. Duk abin da ta mallaka yana cikin ɗakunan nan uku yana kuka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, zuciyata fari ƙal. Na gyara hula na ce, "Tashi. Dogo, kira Talatuwa da Uwar Biyu, kowa ya zo ya ga aikin manya."

Talatuwa da Uwar Biyu su ne matan da ke kwashe ƙwai. Suka biyo ni duka, na wuce gaba ina kaɗa makulli. Na buɗe ƙofa.

Warin ne ya fara fitowa. Wari mai tsami, mai kama maƙogwaro. Uwar Biyu ta toshe hanci da mayafi. Na ce zafin ɗaki ne kawai. Na zaro wuƙa na farke buhun ƙasa, abinci bai zubo ba. Ya dunƙule kamar bulo, kore da baƙi, fumfuna har ta yi gashi. Na farke na biyu. Na farke na goma. Ina farkewa ina cewa na gaba zai yi kyau.

Na san doka. Ni na koya wa mutane ita shekara da shekaru: abin da ya riga shiga sito shi ke riga fita. Amma yaya zan juya kaya ina ɓoyo? Juyawa sai da rana, sai da hannu biyu, sai an gani. Ni kuma so nake in ba da mamaki. Na ajiye abinci kamar yadda nake ajiye ƙusa.

Tara ne kawai suka tsira, na baya-bayan nan. Hamsin da tara sun mutu.

Auta ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Wata takwas ina tambayar likita me ya sa ƙwai ya ragu. Ashe kai ne, Baba."

"A shanya shi a rana," na ce. "A daka, a tankaɗe. Kaza da ke cin tsutsa a juji, wannan ne zai kashe ta?"

"Guba ne."

"Ke dai tsoro."

"To ga zakaranka can. In ka yarda da abincin, fara ba shi."

Ina da wani jan zakara, shekara huɗu muna tare, a ƙofar sito yake kwana, a hannuna yake ci. Na dube shi, na dubi koren dunƙulen da ke hannuna. Na yar. Dogo ya juya baya kamar yana duba taya.

Buhu ashirin da tara, baki dubu uku, kwana goma ko fiye. Muka tsaya a inuwar sito muna juya maganar. Dogo ya ce a rage wa kowa, a ba su kwata-kwata, a yi ta maneji. Auta ta ce in aka yi haka duka za su daina ƙwai, su rame, su fara cin juna, ranar da mota ta zo gawa za ta tarar. Dole wasu su tafi don wasu su rayu. Ta ce a fitar da ɗaki na uku gaba ɗaya, su ne tsofaffi, da rabin na biyu.

Da na ji wannan sai na ɗago kai na dube ta.

"Tsufa laifi ne?"

"Baba, don Allah, ba yau ba."

"Ki saurare ni sau ɗaya, in ban yi daidai ba ki karɓe makullinki. A kowane ɗaki akwai masu aiki, akwai 'yan cin banza. Takardarki ɗaki ta sani, ba ta san kaza ba. Ni hannuna ya sani."

Na shiga na kamo ɗaya, na kifa ta a hannu, na sa yatsu tsakanin ƙasusuwan nan biyu na ƙarƙashin wutsiya. Yatsa uku suka shiga. "Wannan jiya ta yi, gobe za ta yi." Na kamo wata mai ƙiba, gashi sai sheƙi, a ɗakin matasa. Yatsa ɗaya da ƙyar. "Wannan hajiya ce, ci kawai take tana ado." Kakata ce ta nuna mini ina yaro, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba.

Auta ta gwada da nata hannun, sau biyar. Ta ce, "Dubu uku, Baba. Ɗaya bayan ɗaya?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

Yini biyu muka yi. Na koya wa matan nan, muka jeru, Dogo na miƙowa muna tantancewa. Mai yatsa uku dama, mai yatsa ɗaya hagu. Kaji suna karta, suna sara, hannuna ya zama kamar an bi ta kansa da ƙaya. Talatuwa ta ce, "Baba, zauna ka huta kada ka faɗi mana." Na ce mata wanda gobara ba ta kayar ba, kaza ba ta isa ba. Gaskiya kuwa gwiwata ta daɗe da daina jin maganata.

'Yan cin banza ɗari shida muka samu. Ba su isa ba. Muka koma muka fitar da masu yatsa biyu, ɗari biyar. Har yanzu ba su isa ba. Auta ta yi lissafinta ta ce sai mun sauko dubu ɗaya da ɗari biyar. Sauran ɗari huɗun daga cikin masu aiki za su fito, kajin da ba su yi laifin komai ba. A nan ne ta fashe da kuka, tana riƙe da wata mai yatsa uku cif. Na karɓe ta daga hannunta na ce, "Je ki ofis. Wannan zaɓen nawa ne, ni na jawo."

Sayarwa ba ta da amfani, don ko ka riƙe kuɗi babu inda za ka sayo abincin kaji a wannan gefen kogin. Hatsi muke nema. Dogo ya loda kaji da ƙwai ya bi ƙauyuka da duk unguwar da mota ke iya shiga, kaza a ba shi masara, kiret a ba shi dusa ko waken suya. Wasu suka ji tausayi, wasu suka gane a matse muke suka matse mu da kyau. Kullum yana dawowa da buhu huɗu, biyar, wata rana biyu. Auta na aunawa: kashi ɗaya na kamfani, kashi biyu namu, a daka ɓawon ƙwai a zuba.

Rana ta bakwai man injin niƙa ya yi wuya a gari, Mai Inji ya rufe shago. Masara tsaba kuwa ba ta haɗuwa da garin abinci, masu ƙarfi su tsince, raunana su kwana da yunwa. Na taka har gidansa. Mun san juna tun muna da baƙin gashi.

"Sauran man da nake da shi na iyalina ne, Tsoho," ya ce.

"In ba ka kaji ashirin."

"Gari ya cika da kajinku, har sun gundure mu."

"To me kake so?"

Ya yi murmushi. Shekara biyu yana roƙona jan zakaran nan ina ce masa ko a mafarki. Na koma na ɗauko shi da kaina, a hammata na kawo shi, bai ko yi motsi ba don ya saba da ni. Inji ya tashi.

Rana ta goma babu mota. Na kamfani ya ƙare ƙarƙaf, sai masara da dusa. Ƙwai ya ragu ya koma rabi, ɓawonsa kamar takarda. Kaji suka fara saran juna, da safe mu kwashe gawa goma, mu kwashe ashirin. Rana ta goma sha ɗaya Dogo ya dawo da buhu ɗaya da rabi, ya ce ƙauyuka sun ƙoshi da kaza, ba mai ba da hatsi kuma. Na shiga sito da tsintsiya na share ƙasa, na kakkaɓe tsofaffin buhuna ɗaya bayan ɗaya, na tara abin da bai cika bokiti biyu ba. Ina fitowa idona ya faɗa kan tulin ruɓaɓɓen nan da ba mu ƙone ba tukuna. Na tsaya a kansa na daɗe. Auta ta zo ta tsaya kusa da ni, ita ma shi take kallo.

"Ko na tsakiya-tsakiya, Baba?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Waɗanda ba su yi kore sosai ba?"

Ita ce fa ta ce mini guba ne. Yunwar dabba ta kai ta nan.

"A'a," na ce. "Dogo, kawo kananzir."

Na ƙyasta ashana da hannuna, don kada gobe ɗayanmu ya sake tsayawa a wurin.

Washegari muka raba bokiti biyun nan da sauran dusa, cin safe kawai. Kukan kaji dubu da ɗoriya masu jin yunwa, wanda bai ji ba kada ya roƙi ji. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Sai wayar Auta ta yi ƙara: an zuba duwatsu da ƙarafa a mashigi, ƙananan motoci na ketarawa, babba ba ta iya ba. Dogo ko takalmi bai tsaya ɗaurawa ba. Sawu uku na abinci ya yi da ƙaramar motarsa kafin rana ta faɗi.

Dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha ɗaya suka rage. Cikinsu kusan ɗari huɗu 'yan ɗaki na uku ne, tsofaffin da takarda ta yanke wa hukunci. Bayan sati uku ƙwai ya dawo, kuma su ne suka fara. Wannan kam ina faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni, ko bai tambaya ba.

Auta ba ta karɓe makulli ba, amma ta sa an cire ƙofar ɗakin janareta. Yanzu abin kwana goma muke ajiyewa, a fili, kuma ta samo wani da ya fara haɗa abinci a wannan gefen kogin. Ni ke jera buhuna, ina zana musu alli: sabo ta baya, tsoho ta gaba. Duk Litinin takan shigo ta zura hannu cikin na ƙasa ta shinshina, a gabana, ni da na yi shekara arba'in da ɗaya a sito. Ina kau da kai in bar ta.

Gidan Mai Inji ba nisa. Da safe ina jiyo caran jan zakarana daga can, har yau babu mai muryarsa a unguwar.