Tsatsa a Hankicin Mai Fenti

"Zan yi wa ƙofarka fenti, shafi biyu," in ji Mai Fenti, maƙwabcina. "Kai kuma ka kama bakinka, kada 'yata ta ji zancen tarin nan."

"Shafi uku," na ce. Muka tafa.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni direba ne da na ajiye tuƙi, shi kuwa a feshin motoci ya tsufa. Ba ya rufe hanci, wai ƙyallen yana hana shi hira. A da, in ya taso daga aiki, mukan zauna a benci, ya yi kaki a hankici ya miƙo mini. "Wace mota na fesa yau?" In ce shuɗiya. Mu yi ta dariya har matarsa, Allah ya jiƙanta, ta leƙo ta ce, "Ku dai ba kwa girma."

Da mura ta kama shi a shekarar da muka yi wannan cinikin, kakin ya fara da fari, ya koma rawaya, ya yi kore. Ranar da ya yi wa ƙofata shafin farko da jan fentin da ke hana tsatsa, ya yi tari ya duba hankicin. Launin tsatsa.

"Fentin ƙofarka ne," ya ce.

"Da buroshi fa ka shafa, ba fesawa ka yi ba."

"Direba, yaushe ka fi ni sanin fenti?"

Yana haki, yana rawar sanyi a tsakiyar rana. Na san ba fenti ba ne. Amma na yi alkawari, kuma in faɗi gaskiya, saura shafi biyu.

Bayan kwana huɗu 'yar ta zo ta tarar ya kasa tashi. A asibiti likita ta ce rawaya da kore ba kullum ne abin tsoro ba, mura ma takan kawo su. Amma tsatsa ko jini, ga zazzaɓi ga haki, huhu ne ya kamu. "Tun yaushe ya fara?"

'Yar ta juyo. "Baba Direba, kai ka lura?"

Na dubi takalmina.

Kwana biyu ya yi a gadon asibiti. Maganarsa ta ƙarshe gare ni, "Kada ka bar ta da shafi ɗaya, ruwa zai ci ta."

A cinikin nan shi ya samu shirun da ya nema, 'yarsa ta rasa uba, ni na tashi da ƙofa mai shafi ɗaya. Buroshinsa na nan cikin gwangwani a bayanta, ya ƙafe.