Ƙullutun Wuyan Alcide

"Haɗiyi yawu, Baba," in ji Likita Fontenot, yatsunta na ƙarƙashin muƙamuƙin Alcide.

Yawu kuma? Ai tun ranar da matarsa Eulalie ta gano ƙullutun nan bakinsa ya bushe ƙamas. Yayansa ma da ɗan ƙullutu ya fara, aka ce sankara ce, bai ga wata damina ba. Tsoro yake ji sosai. Ya haɗiyi iska kawai.

"Bai motsa ba, da wuya ya zama maƙoƙo," in ji likitar. "Zazzaɓi fa? Gumin dare? Ramewa?"

"Ramewa?" Eulalie ta cafe. "Wannan? Shi kaɗai yake tashi da tukunyar shinkafa da jatan lande."

"Ciwon haƙori ko na maƙogwaro? Sukan ta da kaluluwa. Ko kyanwa ta yakushe ka?"

"Kyanwa ba ta zama inda yake," in ji Eulalie.

"Likita," Alcide ya ce, "wai wuyan wa ake dubawa ne?"

Likitar ta ɗaga haɓarsa. Ta ƙura wa wurin ido: gefen hagu, fatar ta yi duhu ta yi kauri. Sai ta kamo hannunsa na hagu, ta shafa kantar da ke kan yatsun.

"Baba, kana kaɗa goge?"

Tirƙashi! Alcide ya rasa wanne ya fi sauƙi, sankarar ko amsar. A garin Mamou kowane gida da mai goge, irin na Turawa da ake maƙalewa a wuya, shi ma da ya yi ritaya ya sayo nasa. Amma fa shi Allah bai ba shi ba. In ya ja, kare ya yi haushi, jikoki su watse, maƙwabta su leƙo ko alade ake yankawa. Eulalie ta ce ko ita ko gogen. Ya ce ya sayar.

"Ya sayar tuntuni," in ji Eulalie.

Alcide ya kalli silin. "Yana cikin kwalekwale."

"Wane kwalekwale?"

"Wanda nake zuwa duba tarkon jatan lande da shi."

"Au! Shi ya sa kullum kake dawowa da bokiti wayam? Ni ina ta zagin ruwa, ashe kai kake korarsu!"

Likitar ta danne dariya. Ta ce masu maƙale goge a wuya sukan sami wannan, gugar katako ce da gumi. Za a ɗauki hoto a tabbatar, amma ita hankalinta kwance yake. Ya riƙa sa ƙyalle mai laushi a wurin.

"Ke nan ba mutuwa zai yi ba?" Muryar Eulalie ta karye.

"Ba da wannan ba."

Ta goge ido da bayan hannu, ta matso ta yi ƙasa da murya. "'Yata, don Allah, ba za ki ce masa gogen yana kisa ba?"

"Ina ji fa," in ji Alcide.

Suka fito suka shiga mota. Shi kuwa ya riga ya yi sallama da gogen a ransa. Ya kunna mota, ya karya kan sitiyari zuwa gida.

"Ba nan ba," in ji Eulalie. "Bakin ruwa. Ka ɗauko shi."

"Ki jefa a ruwa?"

"Ka kawo shi gida, ja'iri." Ta juya fuska wajen taga. "Tun da na taɓa abin nan nake tunanin yadda gidan zai yi shiru. Gara haushin karen."