Firijin da Ya Mutu a Tungar Kalilu

Takardar ta iske Sirajo yana tsakiyar darasi, ranar wata Talata cikin bazarar 1997. Direban motar Argungu ne ya kawo ta. Malama Laure, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na Tungar Kalilu, ta rubuta: firiji ya daina sanyi tun jiya, allurar rigakafin ƙyanda na ciki, ga ƙyandar ta shigo ƙauyen da ke maƙwabtaka da su.

Sirajo ya ajiye alli ya fita, ko sallamar ɗalibansa bai yi ba.

Shekara huɗu da suka wuce, su goma sha huɗu ne suka kafa ƙungiyar matasa 'yan sa-kai a Birnin Kebbi, jihar na sabuwa, kowa na jin zai gyara duniya. Su suka ɗora farantin hasken rana a kan ɗakin shan maganin, suka haɗa shi da batir da firiji. Daga baya aiki ya kai wasu Sakkwato, aure ya ɗauke wasu, wasu kuma gajiya ce kawai. Taron ƙarshe da Sirajo ya kira, shi da bencina suka zauna.

Ya hau kabu-kabu zuwa unguwar Gesse gidan Hammadu, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, aka ce ya tafi Kaduna kwas. Ya zarce Gwadangaji wajen Muhyiddeen, shi ma ɗan ƙungiyar, ya same shi yana auna shinkafa a shago.

"Wallahi Sirajo ni riƙon tsani kawai niy yi ranar," in ji Muhyiddeen. "Ka san wanda yah haɗa wayoyin ga. Tahi Badariya."

Abin da Sirajo ke gudu ke nan. Chibuzor mai gyaran rediyo, haihuwar Birnin Kebbi, shi ne hannun ƙungiyar. Ranar da aka buɗe aikin, shekara uku da suka wuce, Sirajo ya yi jawabi gaban manyan baƙi, ya ambaci sunan kowa ban da nasa. Chibuzor na bayan ɗakin yana ɗaure waya, yana ji. Tun ranar bai sake zuwa taro ba, Sirajo kuma bai taɓa bin sawunsa ba.

Ya same shi sunkuye kan wata rediyo. Ya yi sallama, ya zayyana komai cikin numfashi ɗaya. Chibuzor bai ɗago ba.

"Malam, ai kai ne mai ilimin. Ka je ka yi wa firijin jawabi."

"Na yi maka laihi, na sani. Shekara ukku ina jin kunyar tako ƙohwar ga. Ka zage ni in mun dawo, amma ka dubi yaran can, Chibuzor. Ni takarda kawai nis sani. In na buɗe akwatin can ban san inda zan sa hannu ba."

Ya durƙusa a bakin shagon, mutane na wucewa suna kallon malamin makaranta guda a ƙasa. Chibuzor ya daɗe yana juya sukudireba a hannu, sannan ya jawo jakar kayan aikinsa.

"Tashi, kana tara mini jama'a."

Mota ba ta cika ba sai bayan azahar. Duk tsayawar da direba ya yi, Sirajo ji yake kamar ya sauka ya tura ta. A Argungu suka nemi ƙanƙara wajen masu kifi, aka ce ba wuta kwana biyu, ko ta jiƙa maƙoshi babu. Suka hau babur ɗaya su uku da mai shi, suka bi gefen fadama, rana na dukan ƙeyarsu.

Mata sun fi arba'in a ƙarƙashin dalbejiya, kowace da goyo. Malama Laure ta tarbe su ba gaisuwa. Ta naɗe kwalaben allurar cikin jiƙaƙƙen buhu ta sa a randa, iyakar dabararta ke nan. Ta ciro guda ta miƙa wa Sirajo. Ɗan tambarin da ke jikin kwalbar, wanda ke nuna ko zafi ya taɓa magani, ya yi duhu. Ya ciro wata, ya ciro wata, har ya kai ta ƙarshe, duk sun yi duhu.

Chibuzor ya buɗe akwatin batir. Bai yi minti biyar ba ya ce, "Kan batir ne ya yi tsatsa, waya ta saki." Ya kankare, ya ɗaure, firiji ya ɗauki gurnani.

Malama Laure ta dube shi, ta dubi Sirajo.

"Shi ke nan abin? Wanga ɗan abu? Kun zo da ganga da baƙi kunka kahwa, kunka kulle akwati kunka tahi da makulli cikin kanku. Shekara ukku ba wanda yal leƙo. Da kun gwada min, da jiya na gyara da hannuna!"

Chibuzor ya kwance wayar da ya ɗaura, firijin ya yi shiru, ya miƙa mata sukudireba.

"Malama, zo ki ɗaura. Sau uku za ki yi ina kallo."

Ta share ido da gefen mayafi ta karɓa.

"Wata allurar sai yaushe?" Sirajo ya tambaya.

"Sati biyu, in an yi sa'a," ta ce, ba ta juyo ba. "Ni na kira matan ga, ba ni iya kallon idonsu. Kai ka iya jawabi, hita ka gaya musu."

Ya fita. Wasu matan har sun fara kwance goyo suna tuɓe wa yara hannun riga. Wata tsohuwa ta matso da jikanta gaba don ya zama na farko. Sirajo ya yi musu sallama, ya faɗa musu gaskiya cewa zafi ya lalata allurar, ya tsaya a wurin har mace ta ƙarshe ta saɓa ɗanta ta kama hanyar fadama.