Ranar da Aka Kai Radisav Ganin Belgrad

Likitan bai gaya wa Radisav komai ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa, don a wajenmu ba a kallon idon mutum a ce masa tasa ta ƙare. Ya dafa masa kafaɗa ya ce gyambon ciki ne, ya rage maiƙo, ya bar shan rakiya, barasar nan tamu mai ƙarfi. Sai da tsohon ya shiga sa tufafinsa likitan ya ja matarsa Leposava da ɗansu Milutin gefe, ya faɗa musu a tsaye: ciwon ya cinye hanta, ko an yanka aikin banza ne, da wuya ya ga hunturun bana.

Milutin, ƙaton direban bas mai 'ya'ya uku a nan Belgrad, ya juya ga bango yana kuka kamar yaro. Leposava ta toshe baki da gefen ɗankwalinta.

"Mama, kada ya sani," in ji Milutin.

"Ko da wasa," ta ce.

Ya rungume ta, a zatonsa tausayi ne. To, ba tausayi ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Shekara arba'in da ɗoriya ta yi a gidan Radisav dillalin shanu. Kunnenta na hagu bai sake ji ba tun marin da ya yi mata tana da cikin wannan Milutin ɗin, kuma sunanta a bakinsa "ke". Duk ta haɗiye. Abu ɗaya ne ta rantse ba za ta haɗiye ba. A maƙabartarmu dutse ɗaya ake kafa wa miji da mata, suna biyu, hoto biyu, wanda ya rage da rai a rubuta masa shekarar haihuwa a bar gurbin ɗayar. Leposava ta ce ta kwana gado ɗaya da mutumin nan har ta tsufa, ba za ta kwanta gefensa har tashin ƙiyama ba. Tuni ta yi magana da ƙanenta a ƙauyensu na bayan tsauni, an bar mata wuri kusa da mahaifiyarta. In Radisav ya mutu bai ce komai ba, maganar dutse a hannunta take. Amma in ya san tafiya zai yi, zai bar wasiyya, kuma ba a haifi ɗan da zai tsallake wasiyyar ubansa ba a ƙasarmu.

Radisav ya fito yana ɗaure bel, idanunsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, bakinsa har kunne.

"Kun ji ko? Gyambo ne. Na sha faɗa, waken matar nan ne zai kashe ni." Ya zunguri ɗan da sandarsa. "Kai direba, motar gida sai yamma. Yau za ka nuna min garin nan. Na tsufa ina turo musu shanu, bari in ga bakunan da suke cinyewa. Gani ya kori ji."

Ita ma Leposava ba ta taɓa taka Belgrad ba, amma wa ya tambaye ta? Ta ɗauki jakar burodi da cuku, ta rataya kwat ɗinsa a hannu, ta bi bayansa kamar kullum.

A hanya Milutin ya rage tafiya ya sunkuyo ta gefen da take ji.

"Mama, ba mu da hoton da za a sa masa a dutse. Na katin shaidarsa kamar ɓarawon da aka kama. Akwai mai hoto a Kalemegdan, can kan tsohuwar ganuwa, ku tsaya tare, daga baya a yanko kowa."

"Shi kaɗai," ta ce. "Ni ban yi shiri ba."

Milutin ya gyaɗa kai, ya ɗauka kunya ce irin ta matan ƙauye.

Suka shiga babban titin shaguna. Radisav yana tsayawa gaban kowace taga yana yanke wa kayan hukunci da ƙarfi, kamar yana kasuwar shanu. A gaban wani shagon kayan mata ya nuna gunkin da aka sa wa riga.

"Ke, zo ki ga mace. Ta katako ce, amma ta fi ki nama."

Wasu 'yan mata da ke wucewa suka ƙyalƙyale. Leposava ba ta ko ɗaga kai ba, don idonta yana kan wata koriyar kwat mai manyan maɓallai. Ta raya a ranta cewa da bazara za ta iya hawa mota ita kaɗai ta dawo nan, ta tsaya gaban tagar nan har ƙafarta ta gaji, ba mai kiran ta. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar kanta.

Milutin ya shigar da uban wani shago ya saya masa sabuwar hula mai baki. Radisav ya juya ta a hannu, ya shinshina.

"Yau kuma? Kai da in ka zo gida ko sukari ba ka riƙo wa uwarka?"

"Murnar lafiyarka ce, Baba."

Daga nan sai gidan abinci mai fararen ƙyallaye a tebur. Milutin ya sa aka kawo gasasshen ɗan rago. Radisav ya ɗaga yatsa ya ce a kawo rakiya, sannan ya yi shiru yana jiran a tuna masa da maganar likita. Ba wanda ya ce uffan. Ya shanye, sai Leposava ta ɗauki kwalbar ta ƙara masa da hannunta, don tana so ya wuni cikin nishaɗi kada tunani ya samu ƙofar shiga. Kai, Leposava. Mutumin da ya ci abinci da sayar da shanu marasa lafiya, shi za a koya wa yadda ake shafa wa saniya mai a ba ta gishiri ranar kasuwa? Ya dubi hannunta, ya dubi kofin, ya shanye. Naman kuwa loma biyu ya yi ya ture.

Hawa ganuwa ya ba shi wuya. Ya riƙa tsayawa jikin tsofaffin igwogi yana buga su da sanda kamar mai duba ƙarfe, alhali numfashi yake nema. Da suka iso gindin wani mutum-mutumin tagulla da ke tsaye tsirara a kan ginshiƙi, bayansa ga gari, sai ƙarfin Radisav ya dawo.

"Ke, zagaya ta gaba ki leƙa, ko kya tuna da ƙuruciya."

"Baba, akwai mutane," in ji Milutin.

"Su ma ai abin da suka zo gani ke nan."

Leposava ta matsa bakin katanga ta leƙa ƙasa, inda kogin Sava ke zubawa cikin kogin Danub. Tunda take ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Jirgi yana tafiya a hankali a tsakiya, mutanen cikinsa ƙanana kamar ƙwari. Ta tsaya har ta manta da jakar da ke hannunta, ta manta da mai jakar.

"Kawu, a ɗauke ka da kogunan mana, ka kai gida a gani."

Mai hoton ne, wani siririn mutum da kyamara a wuya da dokin katako na yara a gefe. Radisav bai yi musu ba. Ya tsaya bakin katanga, ya karkata sabuwar hular, ya soka babban yatsa a aljihun falmaran, koguna biyu a bayansa. Da ta bari an ɗauka haka, da an wuce wurin. Amma Leposava ta wanke duwatsun maƙabarta da yawa a rayuwarta, ta san irin hoton da mai sassaƙa ke karɓa. A wannan, fuskar za ta fito kamar ƙuda, hula kuma ta rufe ido. Za a ce sai an sake wani a gida, kuma a gida ba ta da dalilin da za ta ba shi. Garin neman gira sai ta kai hannu ga ido.

"Ɗana," ta ce wa mai hoton a hankali, "matso da shi jikin bangon can. Daga ƙirji zuwa sama."

Ta ajiye jakar, ta cire masa hular, ta jiƙa yatsu da yawu ta kwantar masa da gashi, ta sa masa maɓallin wuya. Tun ranar aurensu ba ta taɓa gyara masa wuyan riga ba. Ya bar ta ta gama, ya dubi kyamara, aka ɗauka.

Bai motsa daga jikin bangon ba. Ya juya ya dube shi, tsohon bangon dutse ne wanda ba komai a jikinsa.

"An kawo ni Belgrad," ya ce. "Ga koguna, ga igwa, ga mai tsirara. Sai aka zaɓo min bango. An saya min hula, sai aka cire. Wa zai ga hoton nan a ƙauye ya yarda na zo Belgrad?"

"Rana ce ta yi yawa can, maigida," in ji Leposava.

Bai ko dube ta ba, Milutin ya duba. Shi kuwa Milutin idonsa a kan takalminsa. Shi ke nan, ba sai an yi magana ba.

Radisav ya zauna a kan guntuwar katanga, sandar tsakanin gwiwoyinsa. Fuskarsa ta yi toka. Leposava ta ga tsoro ƙarara a idonsa, abin da ba ta taɓa gani ba, ta ji daɗinsa, kuma nan take ta tuna da maganar wasiyya. Wasu 'yan makaranta suka wuce a layi, malamarsu tana nuna musu kogi. Sai da suka ɓace ya ɗago, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe shi ya sa kike ɓoye min," ya ce mata. "Kin ɗauka ban san abin da ya kai ki wajen ƙanenki bara ba? Matarsa ta gaya wa matar limamin coci, ita kuma ta gaya wa duniya. Na yi shiru ne don na ɗauka ni zan binne ki." Ya ɗaga sanda ya kira mai hoton. "Kai, saura ita. Jikin bangon nan, daga ƙirji zuwa sama."

"Ban yi shiri ba, maigida."

"Ni na yi?"

Ya miƙa wa ɗansa hannu. "Milutin, zo nan, kawo hannunka. Ga baƙo shaida, ga Allah shaida. Dutse ɗaya nake so, baƙi, mai faɗi. Ni a dama, uwarka a hagu. Hotonta a manna shi rana ɗaya da nawa, kada a ce sai daga baya. In lokacinta ya yi, ko a ina ta mutu, a kawo min ita. Ka ɗauki alkawari?"

Milutin ya durƙusa a kan tsakuwa ya sumbaci hannun, hawaye yana zuba a kai. "Na ɗauka, Baba."

Sannan ya tashi ya kama kafaɗun uwarsa, yana murmushi cikin kuka. Wannan shi ya fi komai ƙona mata rai.

"Kin gani, Mama? Ashe duk faɗan nan yana son ki. Ko a can ba ya son rabuwa da ke."

Mai hoton ma ya share hanci da bayan hannu. "Soyayyar mutanen da ke nan," ya ce. "Yanzu ina ake samun irinta? Zo, Inna, tsaya nan."

Milutin da kansa ya kai ta jikin bangon ya gyara mata ɗankwali. Ta tsaya, hannayenta a sake. Ta ga kanta ranar Asabar a maƙabarta da bokiti da tsumma, tana wanke fuskar Radisav a jikin dutsen, sannan ta matsa hagu ta wanke tata, matan ƙauye suna wucewa suna yaba mata. Ta runtse ido da gangan.

"Inna, buɗe ido, kin ɓata min ɗaya."

Ta sake runtsewa.

"Ɗauki goma in ta kama," in ji Radisav daga inda yake zaune. "Direba ne zai biya, shi kuma zai zo ya karɓa. Kada ka ba kowa sai shi."

Ta buɗe ido, don ta ga ba inda rufewar za ta kai ta. Aka ɗauka.

Radisav ya dafa sanda ya miƙe, ya mayar da hularsa ya karkata ta yadda yake so. Jini ya ɗan dawo masa fuska. Ya ce ya ji an ce akwai gidan namun daji a bayan ganuwar nan, kuma shi bai taɓa ganin zaki ba, ba zai bar garin nan ba sai ya gani. Milutin ya yi gaba da sauri don ya sayo tikiti, yana goge ido.

Suka rage su biyu. Radisav ya tura mata jakar da kan sandarsa, ya dube ta sama da ƙasa, kamar yadda yake duban saniyar da ya gama ciniki.

"Kada ki daɗe," ya ce. "Kin san ba na son jira."

Ta ɗauki jakar ta bi bayansa.