Gefen Da Bai Fita Ba

Ƙullutun da aka cire wa Furera a nonon hagu bai kai ƙwallon goruba ba. A Damagaram aka yi mata aikin, aka bar mata nononta, sai ɗan ɗinki a gefe. Ta koma Yekuwa ta warke sumul, ta ci gaba da matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta riƙe tun tana amarya. Mijinta Dogo ya yanka akuya ya yi sadaka, maƙwabta suka yi ta shigowa barka.

Ana tsakiyar roron wake majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinsu, ya aiko kiranta. Ya ce naman da aka aika Yamai don bincike an gama duba shi, lokotoro na son ganinta. Tare da Dogo suka koma Damagaram.

Lokotoro Nafissa, wadda ta yi mata aikin, ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Inna, idan muka cire ƙullutu mukan haɗa da lafiyayyen nama kewaye da shi. A can Yamai suna shafa wa bakin naman tawada su duba. Naki ko'ina ya fita tas, ban da gefe ɗaya. A nan ciwon ya taɓo tawadar. Ke nan mai yiwuwa akwai saura a jikinki."

"Amma ba na jin komai," in ji Furera.

"Ba za ki ji ba yanzu. In aka bar shi, ya fi saurin dawowa. Ina so in sake buɗe wurin in ƙara yanke gefen."

Dogo ya gyara zama, ransa a ɓace. "Wurin da ya warke za a sake tsagawa? Kowa ya san ciwon daji ba ya son ƙarfe. Allah ya rufa asiri a na farko, sai mu koma mu tsokano shi?"

Furera ta san abin da ke cin sa. Yayarsa wannan ciwon ne ya kashe ta, bayan an kai ta likita a makare. Ta juyo gare shi a hankali.

"Malam, Yaya ba wuƙa ce ta kashe ta ba, jira ne. Ni na yi jinyarta, ni na wanke mata gyambon har ranar ƙarshe. Ba zan zauna in jira nawa ba." Ta dubi lokotoro. "Yaushe za ki yi?"

Ranar aikin kuwa Dogo ne ya riƙe mata mayafi da takalma a bakin ƙofa.

Da za a sallame ta, lokotoro Nafissa ta tambaye ta ko tana da labarin Hinda, wata matashiya 'yar Sassumbrum da suka yi maƙwabtakar gado lokacin aikin farko. Ta ce sun yi ta kiran salularta ba ta shiga, kuma suna neman ta ruwa a jallo. Ba ta faɗi dalili ba, Furera kuma ba ta buƙaci a faɗa mata ba.

Maganar ta tsaya mata a rai. Hinda ce mai ba ta ruwa a baki lokacin da ba ta iya ɗaga hannu. Ɗinki na kamewa Furera ta ce za ta Sassumbrum ranar kasuwa. Dogo ya ce hanyar yashi ce, girgizar moto za ta fama mata ciwo. Ta naɗe ƙirjinta da zane ta ɗaure tam, ta hau kabu-kabu, tana cije leɓe a kowace gargada.

Ba ta san gidan ba. Abin da ta sani kawai, mijin Hinda tumaki yake sayarwa. Ta bi turakun dabbobi tana tambaya har aka nuna mata shi, ya sa aka raka ta.

Ta tarar da Hinda tana sussuka. Tana ganin baƙuwar ta saki taɓarya.

"Yaya Furera! Lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni. Me ya sa ba a samun ki?"

Hinda ta sunkuyar da kai. Ashe saƙon lokotoro ya iso mata tun tuni, ita ce ta cire layin ta ɓoye. Ta ce tsoro take ji a raba ta da nonon gaba ɗaya, ga ta da ƙuruciya. Furera ba ta yi mata faɗa ba. Ta ja ta ɗaki, ta kwance zanen ta nuna mata sabon ɗinkin.

"Kin gani? Sau biyu, ga ni tsaye. Kawo in taɓa naki."

A ƙarƙashin tsohon tabon ta ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar gurjiya. Hinda ta fashe da kuka, ta ce ta jima da jin sa.

"Yi kukanki ki gama," in ji Furera, "sannan ki ɗaura zane. Ni zan yi wa maigidanki magana."

Ta yi masa, a tsakar kasuwa, ba ta bar wurin ba sai da ya ce to.

Hinda ba ta tsira da nonon ba, dole aka cire shi duka. Furera kuwa sakamakonta na biyu ya dawo tas ta kowane gefe, aka tura ta Yamai gashin na'ura don ƙarasa magani. Bayan an yi nisa da rani aka turo Hinda can ita ma, ta rame, amma da ƙafarta ta shigo. Furera ta matsa mata a kan benci, ta ce ta zauna, layin yana da tsawo.